Yadda za ka zaga ƙauyen Genêts da kewayen Mon San Mishel ba tare da ruwa ya yi maka wayo ba

Yawancin mutanenmu in sun samu bizar Shengen suka shiga Faransa, Paris ce farko Paris ce ƙarshe, a hau hasumiyar Eiffel a yi hoto a dawo. In ma an yi ƙoƙari sosai sai a biya kuɗin bas ɗin nan na kwana ɗaya da ke kwasar mutane da asuba ya kai su Mon San Mishel (Mont-Saint-Michel), wani dutse a bakin teku mai tsohon gidan ibadar Kirista a kansa, da tsakar rana, daidai lokacin da cinkoso ya fi na kasuwar jajiberin Sallah, a dawo da su da daddare a gajiye ba su ga komai ba sai ƙeyar juna. Ni shawarata daban ce. Ka je ka kwana uku ko huɗu a wani ƙaramin ƙauye da ke ɗaya gefen bakin ruwan, sunansa Genêts (ana furta shi kamar Jene), yana jihar Manche a yankin Nomandi, mutanensa duka ba su kai 500 ba. Daga nan kana hango dutsen da ginin da ke kansa tsaye a tsakiyar yashi, kuma daga nan ne ma ake takawa da ƙafa a je, yadda masu ziyarar ibada suka riƙa yi shekaru aru-aru.

Ga yadda za ka tsara abin.

Mataki na farko, kuma wallahi shi ne ya fi komai: kafin ka sayi tikiti ko ka kama ɗaki, duba wata. Eh wata na sama nake nufi. Wannan lungun tekun na cikin wuraren da ruwa ya fi cikowa da janyewa a duk Turai, tsakanin cikarsa da janyewarsa bambancin kan kai wajen mita 14 a manyan ranaku, kuma in ya janye yakan yi nisan kilomitoci har ka rasa inda tekun ya shiga, sai fili fetal na yashi da laka. Sau biyu yake zuwa ya koma a kwana ɗaya. Ƙarfinsa kuwa wata yake bi, yana kai maƙura kwana ɗaya da rabi zuwa biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan ya cika, wato mu da muka saba da lissafin watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi, farkon wata da kuma wajen 15 zuwa 17 ga wata. Faransawa suna da lambar da suke auna ƙarfin da ita, coefficient suke ce mata, daga 20 take zuwa 120. In ka ga 40 ko 50 ruwan ba zai ma iso dutsen ba. Daga 90 zuwa sama abin kallo ne. In ta haura 110 ruwa na yanke hanya gaba ɗaya na ɗan lokaci dutsen ya koma tsibiri sosai, kuma irin wannan an fi samu a Maris da Satumba, ranar 21 ga Maris 2015 ta kai 119 mutane suka yi ta tururuwa. Rubuta horaires des marées Mont-Saint-Michel a Google za ka samu jadawalin shekara guda cif. To ka zaɓi kwanakinka yadda aƙalla rana ɗaya za ta faɗo kan babbar lamba, sauran shirin duk a kan wannan zai hau.

Game da lokacin shekara, Yuli da Agusta hutun 'yan makaranta ne, ɗaki tsada hanya cunkushe. Mayu, Yuni da Satumba sun fi. Ko a bazararsu ma ka tafi da rigar sanyi da ta ruwa, Nomandi ba a rantsuwa a kan samanta, da safe rana da azahar yayyafi.

Na biyu, hanya. Daga tashar Montparnasse a Paris ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Rennes, wajen awa ɗaya da rabi ne, sai ka ɗauki hayar mota a nan tashar. Ko ka hau jirgin Granville daga Montparnasse ɗin dai, shi ya fi jinkiri, sama da awa uku. In da mota za ka taso tun daga Paris wajen kilomita 350 ne, ta hanyar A13 zuwa Caen wadda ake biya, sannan A84 wadda kyauta ce har Avranches, daga Avranches zuwa Genêts kuma kamar kilomita 10. Gaskiya ba tare da mota ba za ka sha wahala, bas ɗin ƙauye ba irin namu ba ne da za ka tsaya bakin titi ka ɗaga hannu, yana iya zuwa sau biyu uku a rana ko ranar Lahadi ya ƙi zuwa sam, kuma babu ɗan acaɓa ko mai adaidaita da zai cece ka. Hannun dama suke tuƙi kamar Najeriya da Nijar. Da ka ga allon sunan ƙauye mai jan layi a gefe gudunka ya koma 50, kyamarorinsu ba sa jin magiya, kamfanin hayar zai biyo ka da tarar har gida. Sannan a cikin ƙauyuka akwai mararrabar da ba ta da alama, a nan wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya ko da daga lungu ya fito. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, in otomatik ka iya ka faɗa tun wajen kamawa.

Na uku masauki. Iri biyu za ka gani, gîte wato gida sukutum da kicin ɗinsa ka yi girkinka, da chambre d'hôtes wato ɗaki a gidan mutane su ba ka karin kumallo. In da iyali kake ɗauki na farkon, don zancen abinci da zan zo kansa. In Genêts ya cika duba Vains, Dragey ko Saint-Jean-le-Thomas, duk a jere suke a gaɓar. Ka tambaya ko zanen gado da tawul na cikin kuɗin, sau da yawa ba sa ciki. Ranar da ka iso ka tsaya babban kanti a Avranches ka yi cefanen kwana uku, don kantunan ƙauye suna rufewa daga wajen 12 da rabi zuwa 2 ko 3, Lahadi da yamma kuwa kamar an yi shara, wasu har Litinin. Ranar Asabar da safe kasuwar Avranches ke ci, kifi, cuku, tuffa, man shanu mai gishiri. Kuma don Allah duk inda ka shiga fara da bonjour kafin ka ce komai, su ma kamar mu ne a wannan, wanda bai yi sallama ba ba a sake masa fuska. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi su kam nan gida ne wajen yare, mu 'yan Najeriya sai a haɗa da waya da nuni da hannu, tsofaffin ƙauyen ba kowa ke jin Ingilishi ba.

Yanzu babban abin, tsallaka yashi da ƙafa. Ana tashi ne daga wani wuri da ake kira Bec d'Andaine, ɗan tuƙi kaɗan daga tsakiyar Genêts, akwai wurin ajiye mota. Daga nan zuwa dutsen wajen kilomita 7 ne, zuwa da dawowa 13 zuwa 14, ka ware awa biyar zuwa shida har da hutun kamar awa ɗaya a can. Kar ka kuskura ka shiga kai kaɗai. Na san halinmu, mutum zai hango abu ga shi nan kamar ya miƙa hannu ya ce ai wannan ba sai da ɗan jagora ba, to a'a. Abu uku ke halaka mutane a wurin: yashin da ke haɗiye ƙafa, hazo da ke saukowa farat ɗaya ka rasa gabas ka rasa yamma, da ruwan da ba ta gabanka kawai yake zuwa ba, yana fara cika kwaruruka ta bayanka ya zagaye ka kana tsaye kan tudu kana hoto. Mutanen wurin na cewa ruwan da gudun doki yake zuwa, akwai ƙarin gishiri a maganar amma ko da saurin mai tafiya ya zo, kai ƙafarka na cikin laka shi kuwa ba ya gajiya. Ga kuma koguna, Sée da Sélune da Couesnon duk a nan suke zubowa kuma suna canja hanya cikin yashin, inda aka bi makon jiya ba lallai a bi shi yau ba. Shi ya sa 'yan jagoran sai da takardar shaida daga hukuma suke aiki. Nemo su da kalmar traversée de la baie, ka kama gurbi tun da sauran kwanaki, su ne za su faɗa maka ƙarfe nawa za a tashi, ba kai za ka zaɓa ba, ruwa ne ke zaɓa.

Shiri: ba takalmi ake tafiya, sai lokacin sanyi ne ake sa wata safa ta roba mai kauri. Ruwan kogin kan kai gwiwa wani lokacin har cinya. Turawa gajeren wando suke sawa, kai sa wando mara nauyi da za ka naɗe, mata kuma wando mai saurin bushewa da riga da ba ta jan ƙasa da hijabi ɗan madaidaici da iska ba za ta yi ta fizga ba, doguwar abaya in ta sha ruwa da laka nauyinta kaɗai ya ishe ki. Jakar goyo, ruwan sha, abin taɓawa, rigar iska, hula, waya cikin leda, da takalmi a jaka don in an isa can duwatsu ne. A hanya ɗan jagora zai tara ku ku yi ta tattaka wuri ɗaya har ƙasa ta fara rawa kamar katifar ruwa, ya bar ƙafarsa ta nutse ya nuna muku yadda ake fita, ba fizga ake ba, jingina jiki ake a raba nauyi a zaro ƙafa ɗaya a hankali a durƙusa a kanta sannan ɗayar. Yara sun fi kowa jin daɗin wannan wurin. Za ku wuce ta gefen wani ƙaramin tsibiri, Tombelaine, wanda sojojin Ingila suka yi sansani a kai lokacin yaƙin shekara ɗari da suka yi da Faransa suna son cin Mon San Mishel amma bai ciwu ba, yanzu tsuntsaye ne suka gaje shi, har da farare masu kama da balbelarmu. In da tsoho ko ƙaramin yaro a tafiyar akwai gajeren zagaye na awa biyu uku, ko a je da ƙafa a dawo da bas. Lambar gaggawa 112, ta ceto a teku 196, sa su a waya.

Awa ɗayan da za a ba ka a can ba za ta ishe ka ganin ginin ba, don haka ka ware masa wata rana daban ka zagayo da mota ta Avranches, wajen minti 40. Ba a kai mota gindin dutsen. Ana ajiye ta a babban fili kamar kilomita 2 da rabi daga wurin, a biya kuɗin ajiya, sai ka hau bas na kyauta ko ka taka ta kan gadar da aka buɗe a 2014. Ni dai na fi son takawa a tafi a dawo a bas. Da can wata hanya ce ta cikon ƙasa da aka yi tun 1879, ita ta riƙa tare yashi har wurin ya kusa zama tudu, shi ne aka rushe ta aka yi gada mai ƙafafu ruwa na bi ta ƙasa, aka kuma yi dam a bakin kogin Couesnon da ke tara ruwa ya sake shi ya wanke yashin. Tsaya kan dam ɗin, hoto daga nan ya fi fita.

Dabarar ita ce lokaci. Ko ka isa kafin 9 na safe ko bayan 5 na yamma, tsakanin nan motocin Paris sun sauke kaya, mutum sama da miliyan 2 ke zuwa a shekara alhali mazauna wurin 'yan gomomi ne kawai. Titi ɗaya ne ƙwal a ciki, matsattse, cike da shagunan tsaraba masu tsada, kar ka ɓata lokaci a kai, da ka shiga ƙofa nemi matakalar da ke hawa kan ganuwa ka bi ta sama. Hawa ne sosai, matakala wajen 350, mai ciwon gwiwa ya san da haka. Tikitin shiga ginin saye shi ta intanet tun a gida, waɗanda ba su kai shekara 18 ba kyauta ne, kuma a rufe yake ranar 1 ga Janairu, 1 ga Mayu da 25 ga Disamba. Tarihin a taƙaice: Kiristocin wurin sun ce a shekarar 708 wani bishop na Avranches mai suna Aubert ya yi mafarkin Mala'ika Mika'ilu ya umarce shi ya yi ɗakin ibada a kan dutsen, sunan wurin ma ke nan, dutsen Mika'ilu. A 966 'yan zuhudu suka tare, aka yi ta ɗora gini kan gini. Bayan juyin juya halin Faransa aka mai da shi kurkuku har 1863, za ka ga wata ƙatuwar taya ta katako da fursunoni ke shiga ciki suna takawa tana jawo kaya daga ƙasa. A 1979 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Har yanzu ana ibada a ciki, ka shiga da ladabi ka rage murya. Akwai shahararriyar wainar ƙwai ta gidan Mère Poulard da ake yi tun 1888, leƙa ka ga yadda suke kaɗa ƙwan a kwanon tagulla, kallon kyauta ne, ci kuwa ka duba farashi tukuna.

Ranar da lambar nan ta fi girma, ita ce ranar kallon shigowar ruwa. Wani abin daɗi, a wannan gaɓar babbar cikowa kusan kullum da safe ne da kuma yamma, wajen 7 zuwa 9. Ka isa awa biyu kafin lokacin da aka rubuta a jadawali, don wanda ya zo daidai lokacin ruwa a cike zai tarar, shigowar ce abin kallon. Kusa da masaukinka akwai wani hancin dutse, Pointe du Grouin du Sud, tsakanin Genêts da Vains, nan mutanen yankin ke zuwa da kujerunsu. Za ka fara jin ƙara kafin ka ga komai, sai ga wani layin ruwa ya taso yana hawa kogi ta baya, mascaret suke ce masa, masu ƙananan kwale-kwale na binsa, cikin ɗan lokaci filin da ka taka jiya ya zama teku.

Kana nan Vains ɗin shiga ɗan gidan tarihin nan Écomusée de la Baie. Ni abin da ya tsayar da ni a wurin gishiri ne, da can mutanen nan kankare saman yashi suke su tara, su zuba ruwa ya tace, su dafa ruwan a kan wuta har ya zama gishiri, wanda ya san yadda ake gishirin Foga a Nijar zai ce ai wannan sana'ar gidanmu ce. A fadamun gefen kuma za ka ga garken tumaki suna kiwo a ciyawar da ruwan teku ke rufewa lokaci lokaci, naman har suna gare shi, pré-salé, wai da gishirinsa yake zuwa.

Tunda an zo zancen nama. Yankin nan na alade ne da giyar tuffa, sai ka buɗe ido. Galette, wata faffaɗar waina ce mai duhu kamar wainar fulawa, wadda ake kira complète da naman alade take zuwa, ka ce a yi maka da ƙwai da cuku kawai, sans porc. Cidre ba lemon tuffa ba ne, giya ce, naka shi ne jus de pomme. Ƙananan kawan tekun nan masu baƙin ɓawo (moules) da ake kawowa a tukunya da soyayyen dankali, in an rubuta marinières da farar giya aka dafa, tambaya. Kifi dai ga shi nan sabo, ga teurgoule, shinkafa da madara da kirfa da ake gasawa awanni. Naman halal ka sayo a Rennes ko Caen kafin ka shigo, can ne ma masallatai suke. Gidajen abinci 12 zuwa 2 suke bayarwa sai kuma 7 zuwa 9, ka zo ƙarfe 4 da yunwa sai dai burodi. Salla kuma ka saukar da manhajar lokuta, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 na dare, alƙibla kudu maso gabas, ka tafi da dardumarka a mota.

Sauran kwanakin ka cike su yadda ka ga dama. Avranches akwai Scriptorial, inda ake nuna wasu daga cikin littattafan da 'yan zuhudun dutsen suka rubuta da hannu a kan fata, wajen 200, duk wanda ya taɓa ganin mahaddaci na rubuta Alƙur'ani da tawada da zayyana zai daɗe a wurin yana kwatanta aikin. Lambun garin, Jardin des Plantes, kyauta ne kuma kana ganin bakin ruwan gaba ɗaya daga sama. Akwai dandalin Janar Patton da tankar yaƙi, ta nan sojojin Amurka suka keta layin Jamusawa a yaƙin duniya na biyu, ƙarshen Yulin 1944. In kana son tafiyar ƙafa ba laka, bi hanyar GR 223 mai alamar fari da ja daga Saint-Jean-le-Thomas ka hau gaɓar Champeaux zuwa Carolles, akwai wata 'yar bukkar dutse ta masu gadin teku, Cabane Vauban, zauna nan ka ci burodinka. Gaba kaɗan Granville, garin masunta, akwai gidan da shahararren mai zanen tufafi Christian Dior ya tashi wanda aka mai da gidan tarihi, mata za su so shi, daga tashar ruwan garin kuma ake hawa jirgi zuwa tsibiran Chausey, shi ma lokacin tashinsa ruwa yake bi. Villedieu-les-Poêles garin maƙeran tagulla ne da masu zubin ƙararrawa, a nan aka zuba takwas daga sababbin ƙararrawar cocin Notre-Dame ta Paris a 2013, in tsaraba kake so tukunyar tagulla daga nan ta fi tarkacen kan dutsen, sai dai ka tuna da kilon jirgi. Cancale da Saint-Malo suna ɗaya ɓangaren, cikin Biritaniyar Faransa, sama da awa ɗaya a mota, in kwana uku gare ka bar su kawai.

Ranar komawa share gidan ka fitar da shara yadda suka rarraba ta, in ba haka ba a cire daga kuɗin ajiyarka. Cika tanki a gidan man babban kanti, ya fi na kan babbar hanya araha, wasu injinan ba sa karɓar katin waje don haka je lokacin da akwai mutum a ɗakin biya. Kakkaɓe yashin motar sosai kafin ka miƙa makulli, kuma ka ba kanka rarar awa ɗaya kafin jirgin Rennes, ƙofarsa ana rufe ta minti biyu kafin tashi.